Yadda ake haɗa motar rimot mai injin naitiro, da yadda ake kare ta daga ƙurar Kaduna

Motar rimot mai injin naitiro ƙarama ce a ido, amma injinta na gaske ne: fistin, kafireta, kuloci, salansa, babu wanda ya ɓace. Injin .21, wato mai girman cc 3.5 da ake ɗora wa bugi, motar tseren kan ƙasa, mai sikelin 1/8, yana wuce juyi 30,000 a minti, kuma abin da ke juyi haka ba ya yafe kuskure. A Kaduna abubuwa uku ne suka fi kashe shi: jar ƙura, girgizar da ke kwance noti, da ragowar man da aka bari ya kwana a ciki. Tun a kan teburin haɗi ake fara maganinsu, tun ran gini ran zane, domin in haƙorin giya ɗaya ya gutsure ba za ka shiga Kasuwar Gumi ka fito da sabo ba, sai dai ka yi oda ka zauna jiran makonni.

Kafin ka biya kuɗin kit

Kit ita ce motar da ke zuwa a warwatse cikin ledoji. Irin na tsere, kamar Kyosho Inferno, Mugen Seiki MBX8 ko XRAY XB8, yawanci shasi ne kawai da kayan tafiyarsa. Inji, salansa, sarbo guda biyu, wato ƙananan na'urorin lantarki da ke motsa sitiyari da totur, rimot da risibarsa, batir, tayoyi, fenti, abin hura fulogi mai zafafa shi lokacin tayarwa, da akwatin tayar da inji, duk daban za ka saye su. Ka karanta jerin da ke jikin kwalin ka lissafa kuɗin gaba ɗaya tukuna.

Sai batun mai, wanda shi ya kamata a fara warwarewa. Wannan injin ba ya shan fetur ko kaɗan. Mansa haɗi ne na metanol, naitiromitan (shi ne naitiro), da man shafawa, na zurma ko na masana'anta. Mai ɗauke da naitiro kashi 20 cikin 100 ya wadatar da yawancin injuna, masu tsere da .21 sukan hau 25 zuwa 30. Kaya ne mai kama wuta, ba a yarda a sako shi cikin jakar fasinja a jirgi ba. Saboda haka ka tabbatar da hanyar da zai riƙa iso maka kafin ka sayi motar. In ka samu, ka tsaya a kan iri ɗaya, domin duk canjin mai sai an sake saita kafireta.

Kayan aikin ba su da yawa, amma su zama nagari. Direbobin alanki masu hannu na milimita 1.5, 2.0, 2.5 da 3.0, abin ɗaure noti na 5.5 da 7, sifanar taya ta 17, filaya mai dogon baki, da ma'aunin kalifa. Alanki mai lanƙwasa na arha yana cinye kan sukuru, musamman na 1.5, kuma sukurun da kansa ya cinye a jikin inji aikin yini ne. Ka shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ka buɗe leda ɗaya tak a lokaci guda bisa lambar da littafin ya nuna, ka zuba ƙananan kayan a faranti. A hunturu ka rufe taga, ka kashe fanka, in za ka tashi ka lulluɓe aikin.

Ɗauri

Ƙa'idar gam ɗin kulle sukuru gajeriya ce. Duk inda ƙarfe ya shiga ƙarfe, a sa shuɗi, irin Loctite 243. Ja kamar 271 sai da wuta yake kwancewa, ba na nan ba ne. Ɗigo kamar kan allura a bakin sukurun ya isa, bayan ka goge maiƙon masana'anta da sifirit, domin gam ba ya kama maiƙo. Wuraren da ba a mantawa su ne sukurorin kujerar inji, na sama da na ƙarƙashin shasi, ƙananan sukurori marasa kai da ke riƙe kofunan sandar tuƙi, da sukurun ƙararrawar kuloci, wato kofin ƙarfe mai haƙora da ke rufe kulocin. Marasa kan nan dole su sauka daidai a kan gefen sandar da aka daddale. In suka sauka a zagayen, rana ɗaya za ka ji inji na ihu mota na tsaye.

Inda sukuru ya shiga roba kuwa, kada gam ya kusance shi, yana sa roba ta tsage. Da hannu ake ɗaure shi, a tsaya da zarar kan ya zauna. Ƙarin rabin juyi na neman tabbaci shi ke kashe tiredi. In ramin ya yi tauri, ka goga wa sukurun ɗan sabulu.

Difarenshal, wato kofin giyoyin da ke raba wa tayoyi juyi, uku ne a bugi: gaba, tsakiya, baya. Ana cika su da man silikon mai kauri, kuma wurin farawa da aka saba shi ne mai lambar kauri kusan 5,000 zuwa 7,000 a gaba da tsakiya, 2,000 zuwa 3,000 a baya. Ka fara da abin da littafinka ya ce. Ka shafa giris a zoben roba da jikin kofin kafin ka cusa, ka zuba mai har ya ɗan rufe sandunan gicciye, kada ka cika fal. Wanda aka cika fal yana tsiyaya da zarar ya ɗau zafi, ƙura ta manne, ta zama kwaɓin da ke cin boris. Sukurori huɗu na murfin a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, don gaskit ya kwanta daidai. Bayan ka sa shi a gidansa, ka juya da yatsa. In yana kamewa a wani wuri, ko haƙoran na ƙwas-ƙwas da yawa, da siraran zobban ƙarfe, wato washa, ake gyarawa, a ƙara ko a rage ɗaya-ɗaya har ya yi santsi da ɗan motsi kaɗan.

Shakazoba na son haƙuri. Ka jiƙa zobban roba da man kafin ka zura sandar, kuma kada ka taɓa kama sandar da filaya tsirara. Ƙarce ɗaya ya isa ya yaga zoben, daga nan tsiyaya ba ta ƙarewa. Ka naɗe ta da ƙyalle mai kauri ko fata. Zuba mai, motsa fistin sama da ƙasa a hankali, sannan ka jingine su minti goma kumfa ya fito kafin ka rufe. Na hagu da na dama su zama tsawo ɗaya a kalifa. Rigunan roba da ke rufe sandar, waɗanda wasu ke jefarwa don sun ga kamar ado ne, su ne rayuwar shakazoba a jar ƙasa. Ka sa su, in ɗaya ya yage ka canza.

Inji da kuloci

Filawil yana zama ne a kan wani ƙaramin zobe mai tsini, noti ya matse shi. Ka riƙe filawil da abin riƙe shi ka ɗaure sosai da ɗigon gam. Kada ka cusa sukundireba ta ramin salansa don tare fistin, ka gama da injin ke nan. Bayan takalman kuloci da sifirin ɗinsu, sai ƙararrawar da boris ɗinta biyu, yawanci masu girman milimita 5x10x4. Ta riƙa juyi sakayau, da ɗan motsi gaba da baya kamar milimita 0.1 zuwa 0.2, domin ƙarfe na kumbura da zafi. Waɗannan boris su suka fi saurin mutuwa a duk motar, ka yi odar goma tun farko.

Haɗuwar haƙoran ƙararrawa da babbar giya ita ce inda sababbin hannu suka fi yin asara. Ka sassauta sukurorin kujerar inji, ka sa tsinken takardar littafin rubutu tsakanin giyoyin biyu, ka tura injin ya matse ta, ka ɗaure, ka juya takardar ta fita. Sannan ka riƙe ƙararrawar ka girgiza babbar giya, ya kamata ka ji ɗan motsi ƙanƙani. Ka duba a wurare huɗu na zagayen, don giya ba ta cika zama daidai ko'ina ba. In ya matse, boris ya ƙone, inji ya yi zafi. In ya yi sako-sako, haƙora su zube.

Iska ba ta da izinin shiga inji sai ta kafireta. In ta sami wata kafa, ta wuyan kafireta, ta murfin baya, ta tiyon da ya tsage ko murfin tankin da bai zauna ba, mai zai yi ƙaranci, sulo ya riƙa hawa da sauka, kuma babu saitin da zai zauna. Ka danna kafireta ƙasa da yatsa lokacin da kake ɗaure ta. Tanki kuwa ka gwada shi tun bai hau mota ba: toshe baki ɗaya, nutsa shi a roba da ruwa, hura ta ɗayan, ka ga ko kumfa zai fito, sannan ka bar shi ya bushe sarai. Tiyo biyu ne, ɗaya na kai mai kafireta, ɗaya na kawo matsin hayaƙi daga salansa zuwa saman tanki. Na silikon kaɗai ake sawa, kuma kada ya gogi filawil, faifan birki ko bakin shasi.

Totur, birki da abin da ke hana mota gudu da kanta

Ka kunna rimot da risiba, ka mayar da duk saitin tsakiya sifili, sarbo su tsaya a tsakiyarsu, sannan ka ɗaura musu ƙananan hannuwan da ke jan sitiyari da totur. In ka cire matatar iska ka leƙa maƙogwaron kafireta, a sulo ya kamata ka ga ɗan buɗi na milimita 0.7 zuwa 1. Ka ja totur har ƙarshe, ya buɗe duka ba tare da sarbo na gurnani ba. In yana gurnani, rage iyakar tafiyarsa a rimot, in ba haka ba zai ƙone. Ka taka birki, buɗin nan kada ya ragu, in ya ragu inji zai riƙa mutuwa duk lokacin da ka tsaya.

Abu biyu wajibi ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko saitin kariya na risiba, wanda ke sa birki in sigina ta yanke. Na biyu sifirin ɗin da ke janyo totur ya rufe, domin in batir ya mutu ko wayarsa ta fita, saitin kariyar ma ya mutu tare da shi. Gwajin mai sauƙi ne: inji a kashe, ka buɗe totur, ka kashe rimot, ka ga birki ya kama. Ka sake buɗewa, ka kashe makunnin motar, ka ga sifirin ya rufe kafireta. Bugi ya haura kilo 3, yana wuce kilomita 60 a awa, kuma duk filin da ka sauke shi a Kawo ko Barnawa, kafin tanki ɗaya ya ƙare yara sun kewaye ka. Wannan gwajin saboda ƙafafunsu ake yin sa, kowace rana kafin a tayar.

Risiba a naɗe ta da soso saboda girgiza. Da damina a cusa ta cikin balan-balan a ɗaure bakin a kan wayoyin. Batirin NiMH mai ƙwaya biyar yana ba da bolt 6. LiPo mai ƙwaya biyu na ba da 7.4, kuma sai sarbo da aka yi don wannan ƙarfin. Ka cika caji tun da dare in akwai wuta, kada ka fita da rabin caji. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Matatar iska

A nan ya kamata mai mota a Kaduna ya fi kashe lokacinsa. Fistin ɗin wannan injin ba shi da ringi. Silindar ce aka yi ta tana tsukewa daga sama, fistin na aluminiyam ya matse a cikinta, wannan matsin shi ne ƙarfin injin gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu laushi gare ta kamar garin fulawa, jar ƙasar filayenmu kuma tana da yashi. In suka shiga suka haɗu da mai, sun zama sanfefa. Mintuna kaɗan ba matata sun isa su cinye matsin, kuma ba ya dawowa sai da sabon fistin da silinda.

Ka yi amfani da matata mai soso biyu, na ciki da na waje. Soso busasshe ba ya tare komai, man da ke jikinsa ne ke kama ƙura. Ka sa soson cikin leda, ka zuba man matata mai danƙo, ka murza har launin ya game ko'ina, sannan ka matse rarar a takarda. In ya yi yawa, injin zai shaƙe kamar an ba shi mai fiye da kima. Man injin mota bai dace ba, yana tsiyayewa ƙasa ya bar saman a bushe. Wuyan robar a ɗaure shi da igiyar roba mai kulle a wuri biyu, wajen kafireta da wajen matata, ka ja da ƙarfi ka ga bai fita ba.

Ka tanadi soso biyar ko shida da aka riga aka shafa, a leda mai zif. A lokacin ƙura ka duba bayan kowane tanki biyu, in na waje ya yi ja ya bushe ka canza. Kafin ka cire, ka goge kewayen wuyan da buroshi, da ka cire ka toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta. Wanki da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, a cikin ɗaki. In matata ta faɗi mota na tafiya, a kashe inji nan take, ko da saura taku goma ta iso gare ka.

Bodi da taya

Bodin na roba ce mai haske, daga ciki ake fentinta, da fentin da aka yi don irinta kamar jerin PS na Tamiya. Fentin feshi na kasuwa yana ɓarewa a karon farko. Ka yanke, ka huda ramuka, ka wanke ciki da sabulu, ka fesa siriri sau uku, launi mai duhu kafin mai haske. Ramin kan inji ya yi faɗi yadda iska za ta ratsa, gefen salansa a liƙa tef na aluminiyam, hanci da kewayen ramukan ƙugiya a ƙarfafa su daga ciki da ƙyallen raga da gam mai laushi. Ƙasan shasi ma ana liƙa masa leda mai kauri saboda tsakuwa.

Taya kuwa a goge bakinta da na rim da sifirit, a zuba sufa gulu mai ruwa-ruwa a zagaye, a ɗaure da roba har ta bushe, a huda ƙananan ramuka biyu don iska. Ka sa tabarau, gam ɗin nan yana tsalle.

Tankunan farko

Sabon inji a matse yake ƙwarai a sama. Ka ɗumama kansa da na'urar busar da gashi zuwa wajen digiri 80 ko 90 na Salsiyas kafin ka tayar, musamman da sanyin safiyar Disamba, don silinda ta buɗe kada sandar fistin ta wahala. Kada ka taɓa alluran kafireta masu daidaita yawan mai, masana'anta ta bar su da mai mai yawa da gangan. Tankin farko a sulo, tayoyi a sama. Na biyu zuwa na biyar ko shida a ƙasa, a fili mai laushi, da kwata sannan rabin totur, ba a riƙe shi a buɗe. Tsakanin tankuna a bar shi ya huce da fistin a can ƙasa. Ka yi wa filawil alama da alƙalamin maka don ka gane wurin. In ya huce da fistin a sama, silinda za ta tsuke a kansa ta buɗe har abada. In littafin injinka ya kawo wani tsari, nasa za ka bi.

Daga nan ake fara rage mai. Juya allura hannun agogo ragewa ne, akasinsa ƙarawa, kuma kowane gyara kada ya wuce tazarar awa ɗaya a fuskar agogo. Babbar allura ta gudu tukuna, sannan ƙarama ta ƙaramin totur. Shuɗin hayaƙi ya kasance yana bin motar kullum, zafin kai kuma ya tsaya tsakanin digiri 100 da 120 a ma'aunin zafi mai haske. Don ƙaramar allura, ka matse tiyo kusa da kafireta a sulo: in ya yi daƙiƙa uku zuwa huɗu ya ɗan ɗaga murya ya mutu, daidai ne. In ya mutu nan take mai ya yi kaɗan. Saitin da ya yi daidai da azahar ɗin Afrilu zai yi ƙaranci da asubahin hunturu, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, tana neman ƙarin mai. In kana shakka, ka ƙara. Injin da mai ya yi wa yawa nauyin jiki kawai zai yi, wanda ya yi wa kaɗan ƙonewa yake.

In inji ya ƙi juyawa kamar an kulle shi, mai ne ya cika shi. Kada ka tilasta. Cire fulogi, kife motar, rufe ramin da tsumma, juya har man ya fita.

Bayan wasa

Metanol na jan danshi daga iska, kuma boris da sandar cikin inji ƙarfe ne mai tsatsa. A Agusta dare ɗaya ya isa a ga ja a jikinsu. Ka zuƙe man tanki duka, ka sa abin hura fulogi ka yi ta tayarwa har ya daina amsawa. Goge kewayen fulogi kafin ka cire shi. Ɗiga man adana inji huɗu zuwa shida ta maƙogwaron kafireta da ramin fulogi, ba ta bakin da tiyon mai ke shiga ba, don kada zobban roba su lalace. Juya injin sau da yawa, ka bar fistin a ƙasa.

Motar ba a yi mata wanka da ruwa. Buroshin fenti, tsumma da sifirit sun isa. Iskar kwamfureson mai faci tana aiki, amma daga nesa, kada a saita ta a kan boris don tana tura ƙura ciki. Kana gogewa kana bin sukurori da direba, kana girgiza kowace taya don jin boris ɗin da ya fara ƙara.

Galan ɗin mai a rufe shi gam da zarar an zuba, a ajiye shi a inuwa, nesa da kicin da janareta, inda yaro ba zai kai ba. Kada a juye shi a robar ruwa ko ta lemo, metanol guba ne da ke makantarwa, kuma harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana. LiPo in zai kwana biyu ba aiki a sauke shi zuwa bolt 3.8 a kowace ƙwaya, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe da zafin bazara. Ita kanta motar a ɗora ta a kan katako tayoyi na lilo, a rufa mata zane.